Kyautar da Ta Kwance wa Dattijo Rawani

A farkon shekarun 1990, in ana lissafin manyan likitocin mata da haihuwa na Birtaniya, ba a yin nisa sai an ambaci Farfesa Geoffrey Chamberlain. An haife shi a 1930, kuma tun 1982 yake kan kujerar farfesa a makarantar koyon aikin likita ta asibitin St George's da ke unguwar Tooting a kudancin Landan, inda yake shugabantar sashen mata da haihuwa. Shi ne babban editan mujallar British Journal of Obstetrics and Gynaecology, wadda kowane likita a wannan fanni yake burin ganin aikinsa a cikinta. A 1993 kuma takwarorinsa suka ɗora shi a kan shugabancin Kwalejin Sarauta ta Likitocin Mata da Haihuwa, uwar ƙungiyar da ta mallaki mujallar. Rawani uku ke nan a kan mutum guda. Ɗaliban likitanci na wancan zamani da suka sha dakon littafin Obstetrics by Ten Teachers, a Zariya ne ko a Maiduguri, sun ga sunansa a bango, domin yana cikin editocin littafin.

Dattijo ne mai mutunci. Ba a taɓa kama shi da shirya ƙarya ba, kafin abin da za ku ji ko bayansa. Ina so a riƙe wannan da kyau, domin labarin ba na mugun mutum ba ne. Da na mugu ne, da kowa ya karanta ya ce ai ni ba haka nake ba, ya buɗe shafi na gaba.

A ƙarƙashinsa akwai wani babban likita mai suna Malcolm Pearce, ƙwararre a kan hoton ciki, malami a makarantar, kuma ɗaya daga cikin mataimakan editan wannan mujalla. Na hannun dama ne, wanda ake zama da shi a teburi guda ana yanke hukunci a kan rubutun wasu.

Akwai wata masifa da ke samun mata, wadda a asibiti ake ce mata ciki a bayan mahaifa. Maimakon ɗan tayi ya gangara ya zauna a mahaifa, sai ya maƙale a hanya, galibi a cikin siririn bututun da ƙwai ke bi. A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu kan zo a haka. Bututun ba shi da wurin rainon ɗa. In cikin ya girma sai ya fasa shi, jini ya tsinke a cikin jiki, mace ta iya rasa ranta cikin 'yan sa'o'i. Abin da likita ke iya yi shi ne ceton uwa, ko da magani ko da tiyata. Ɗan kam ba ya tsira. Likitoci sun daɗe suna mafarkin ranar da za a iya ɗauke wannan tayi daga inda ya maƙale, a mayar da shi cikin mahaifa, ya kama, ya girma, a haife shi.

A fitowar mujallar ta watan Agustan 1994, sai ga wata gajeriyar maƙala tana cewa ranar ta zo. An yi wa wata mata wannan aiki a St George's, in ji maƙalar, cikin ya zauna, ya kai watanninsa, ta haihu lafiya. Sunaye uku ne a sama. Na farko Pearce, na ƙarshe Chamberlain. Jaridu da gidajen talabijin na duniya suka ɗauka. Ka ƙaddara matar da ta taɓa rasa ciki ta wannan hanya, ko wadda aka cire wa bututu ɗaya take zaman ɗar-ɗar da wanda ya saura, ta ji wannan labari a rediyo. Wane irin buri zai cika mata zuciya?

A cikin wannan fitowa dai akwai wata maƙalar ta Pearce, ita kuma babu sunan Chamberlain a kanta. Ta ce an yi gwaji a kan mata 191 masu fama da yawan ɓari tare da wata matsala ta ƙwan mace mai rikita al'ada, an ba wasunsu allurar sinadarin nan da ake ganowa a fitsari in an yi awon ciki, kuma ɓarin ya ragu. Irin wannan maƙala ce likita ke karantawa yau, gobe ya rubuta wa maras lafiya allura.

To, ta yaya sunan dattijo ya hau maƙala ta farko? Bai shiga ɗakin tiyata ba. Bai ga matar ba, bai ga jaririn ba, bai nemi fayil ya duba ba. Al'ada ce kawai ta gidan da ya tashi a cikinsa: ƙarami in ya yi rubutu, sai ya sa sunan shugaban sashe a ƙarshe don girmamawa, babba kuma ya karɓa, domin ƙin karɓa kamar raina kyauta ne. Shi kansa daga baya ya amsa cewa kara ya yi, an roƙe shi a matsayinsa na shugaban sashe, ya amince. Ba kuɗi aka ba shi ba, kuma mutumin da ke da rawani uku ba ya bukatar ƙarin layi guda a jerin ayyukansa. Kara ce tsagwaronta.

Sai dai mai karatu a Glasgow ko Legas ko Karachi bai san da wata kara ba. Abin da ya gani shi ne sunan shugaban likitocin mata na Birtaniya a kan wani abin al'ajabi, kuma a wurinsa ma'anar sunan guda ce: na gani, na bincika, na tsaya a kai. Wanda aka kira ya sa hannu a takardar cinikin fili a matsayin shaida, bai je ya ga filin ba, bai san iyakokinsa ba, ya dai sa hannu don kada ya kunyata mai sayarwa, ranar da aka gano babu filin alƙali ba zai tambaye shi yawan kirkinsa ba, abin da ya gani zai tambaye shi. Mai saye kuwa ba don zaƙin bakin mai sayarwa ya zaro kuɗinsa ba, don hannun dattijon da ya gani a ƙasan takarda ne.

Akwai kuma wata ɓarna ta biyu da sunan ya yi, wadda ba a cika lura da ita ba. Aikin edita shi ne ya tsaya a ƙofa ya tambayi kowace maƙala daga ina take, ina hujjarta. A nan kuwa mai maƙala mataimakin edita ne, abokin rubutunsa shi ne babban edita, shi ne shugaban sashen da aka ce an yi aikin a cikinsa, shi ne kuma shugaban ƙungiyar da ke da mujallar. Wa ya saura da zai yi tambaya? Duk ƙofar da ya kamata a tsare maƙalar a bakinta, sunan nan guda ya riga ya buɗe ta.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Tiyata irin wannan ba a yin ta a ɓoye. Sai da ɗakin tiyata, da likitan da ke sa barci, da nas-nas, da rajistar da ake rubuta kowane aiki. Wani matashin likita a asibitin ya ga abin bai kwanta masa ba, ya kai magana gaba. A tsaya a auna abin da ya yi. Ƙarami ne, cigabansa yana hannun manya, kuma takardar da yake shakka a kanta tana ɗauke da sunan mutumin da ya fi kowa girma a fannin a duk faɗin ƙasar. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, babu mai zarginsa.

Hukumar makarantar ba ta ce a rufa wa gida asiri ba. Ta kafa bincike nan da nan. Aka nemi matar da aka yi wa aikin, babu ita. Aka nemi mata 191 na ɗaya maƙalar, ba a same su ba. Aka kuma gano cewa Pearce ya taɓa bayanan marasa lafiya a kwamfutar asibiti yana ƙoƙarin samar da matar da ba a taɓa haifa ba. Da aka koma baya aka bi rubuce-rubucensa tun daga 1989, sai ga wasu maƙalu uku su ma na ƙarya, biyu daga ciki a mujallar BMJ. Aka janye su duka. Aka kore shi daga aiki, kuma a watan Yunin 1995 majalisar da ke kula da aikin likitoci ta Birtaniya ta soke sunansa daga rajista.

Shi kuma dattijo fa? Babu wanda ya ce shi ya ƙirƙiri matar. Zai iya cewa yaudararsa aka yi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai tambayar da ta tsaya masa a gaba ba ta da wurin zillewa: sunanka ne wannan ko ba naka ba? In naka ne, me ka gani kafin ka yarda a sa shi? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da maƙalar ta tabbata gaskiya, da har abada tarihin likitanci zai riƙa ambaton sunansa cikin waɗanda suka fara wannan aiki, kuma ba na jin zai fito ya ce a goge. Tun da ya buɗe hannu ga yabo, ba shi da damar dunƙule shi ranar zargi. Ya gane haka, bai kuwa tsaya gardama ba. Ya ajiye editancin mujalla, ya ajiye shugabancin kwalejin da bai daɗe da hawa ba, kuma a 1995 ya bar kujerarsa ta St George's. Daga baya ya koyar da tarihin likitanci a Jami'ar Swansea, ya rasu a 2014. Saukar nan da ya yi da kansa ita ce ta tsirar masa da abin da ya saura na martabarsa, kuma ya cancanci a yaba masa a kanta. Amma aikin shekara 40 ya tafi da tabon sa hannu guda.

Abin baƙin ciki shi ne gargaɗi ya riga ya zo tun da daɗewa, daga Amurka. A 1981, a ɗakin gwaje-gwajen shahararren likitan zuciya Eugene Braunwald a Harvard, abokan aikin wani haziƙin matashi mai suna John Darsee suka tsaya suna kallonsa yana rubuta sakamakon gwajin da ya kamata ya ɗauki kwanaki da makwanni, shi kuwa ya gama cikin ɗan lokaci, yana ta manna wa takardu ranaku daban-daban. Da aka tona, sai aka tarar ba a Harvard ƙaryar ta faro ba, ya riga ya yi ta yana Jami'ar Emory a Atlanta. Hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta haramta masa kuɗinta na shekara 10, ta kuma sa asibitin Brigham and Women's, mai alaƙa da Harvard, ya mayar da dala 122,371.

Daga baya wasu masana biyu, Walter Stewart da Ned Feder, suka ce su ba Darsee ne damuwarsu ba, abokan rubutunsa ne. Suka bi wallafe-wallafensa 109 da ya yi tare da mutum 47, suka fitar da abin da suka gani a mujallar Nature a 1987. Cikin abin da suka tono har da wata maƙala da ta fito a New England Journal of Medicine, mai ɗauke da bishiyar zuriyar wani gida da ciwon zuciya ke bi. A cikin bishiyar akwai saurayi ɗan shekara 17 mai 'ya'ya huɗu, babbansu shekararsa 8. Wato ya zama uba tun yana ɗan shekara 9 ko ƙasa da haka. Wannan ba ya bukatar digirin likita kafin a gane shi. Bukatarsa kawai wanda sunansa ke sama ya zauna ya karanta abin da ke ƙasa.

Ba kuma rashin doka ne ya jawo ba. Tun 1978 editocin manyan mujallun likitanci suka fara taro a birnin Vancouver na Kanada, kuma tun 1985 suka fitar da ƙa'idar wanda ya cancanci a kira marubuci. Dokar tana nan lokacin da aka kawo wa Chamberlain takarda, al'ada ce ta rinjaye ta. A yau sharuɗɗan huɗu ne, kuma sai an cika su duka. Mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken, ko tattara bayanansa, ko nazarinsu da fassara su. Ya rubuta maƙalar, ko ya yi mata gyara mai zurfi da ya taɓa ilimin da ke cikinta. Ya amince da kwafin ƙarshe da za a buga. Sannan ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin in an sami shakka, ya tsaya har a warware. Wannan na huɗun a 2013 aka ƙara shi, bayan an gaji da manyan da ke cewa ba su san komai ba ranar da asiri ya tonu. Ƙa'idar ta kuma faɗa ƙarara cewa samo kuɗin bincike kaɗai, ko shugabantar sashe kaɗai, ba ya mayar da mutum marubuci. Irin waɗannan wurinsu sashen godiya, kuma sashen godiya ba wulaƙanci ba ne.

Girgizar da al'amarin Pearce ya yi tana cikin abin da ya sa wasu editoci a Birtaniya, cikinsu har da Richard Smith na BMJ da Richard Horton na Lancet da Michael Farthing na Gut, suka kafa kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE a 1997. Ya fara ne a matsayin zaman 'yan mutane kaɗan masu kawo wa juna matsalolin da suka sha musu kai, yau kuwa mujallu dubbai ne ke bin jagorancinsa. Abin da yake koya wa edita a kan rikicin suna ba shi da wuyar fahimta. In an zo ana son ƙara suna ko cire suna bayan an miƙa maƙala, a tambayi dalili, a kuma sami amincewar kowa a rubuce, har da wanda za a ƙara da wanda za a cire. In an kasa jituwa, a dakatar da maƙalar, a mayar da magana ga jami'ar da aka yi aikin, domin ita ke da ikon kiran mutane ta buɗe fayil, edita ba shi da shi. In an riga an buga, kuma sakamakon binciken gaskiya ne, sunaye ne kawai ba daidai ba, a buga gyara. In kuwa sakamakon ne ba abin dogaro ba, a janye maƙalar, a faɗi dalili a fili, a bar sanarwar inda duk wanda ya nemi maƙalar zai ci karo da ita. Edita kuma in ya kawo nasa rubutun gidansa, ya janye hannu, wani daban ya yanke hukunci. Mujallu da yawa sun ƙara da neman kowane marubuci ya rubuta takamaiman abin da ya yi, a buga shi tare da maƙalar kowa ya gani.

Duk da haka cutar ba ta mutu ba, sauya kama ta yi. Abin da ake bayarwa kyauta a zamanin Chamberlain, yanzu yana da farashi. A 2013 mujallar Science ta bankaɗo dillalai a China masu sayar da gurbin suna a maƙalun da ke dab da fitowa. A 2018 ma'aikatar ilimi ta Koriya ta Kudu ta gano maƙalu 82 da farfesoshi suka sa sunayen 'ya'yansu 'yan makarantar sakandare, lamarin da ya sa aka yi zargin share musu hanyar shiga jami'a ake yi. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin Hindawi. Kowace daga cikinsu tana da sunaye a sama, kuma kowane suna na wani ne da ke da ofis, da ɗalibai, da masu gaishe shi da girmamawa.

Labarin Landan ne na ba ku, kuma an haura shekara 30 da aukuwarsa. Amma duk inda ake ƙidaya maƙalu kafin a yi wa malami ƙarin girma, akwai wasu maganganu da bangon ofis ya saba ji.

"Ranka ya daɗe, na kammala maƙalar nan, na sa sunanka a gaba."

"Madalla, Allah ya yi albarka. Tura musu kawai."

Ko kuma a bakin ƙofa, bayan an fito taron sashe:

"Dakta, don Allah ka tuna da ni a ta gaba. Saura biyu in cika adadi. In na rubuta tawa ni ma zan saka ka."

Ko ɗalibi ya shigo ya rusuna:

"Malam, kuɗin bugawar da suka yanka ya fi ƙarfina."

"Nemo mutum uku su raba kuɗin, ka jera sunayensu."

Akwai kuma wadda ba a jin muryarta sam. Ita ce ɗalibar da ta shekara biyu tana yawon ƙauyuka da takardun tambayoyi, ta sayar da abin wuyanta ta biya kuɗin gwaji, ta kammala kundin digirinta, sannan wata rana ta ga babi na huɗu ya fito a mujalla da sunaye biyar, nata ne na ƙarshe, ko ma babu shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba za ta yi magana ba, domin wanda zai sa hannu a takardar shaidarta yana cikin biyar ɗin.

Ban ce ga garin da ake wannan zance ba, ban kuma kama sunan kowa ba. Ba tozarta wani nake nufi ba. Na san akwai malaman da ke kwana da kundin ɗalibi, su tsara masa bincike, su zauna da shi a kan alƙaluma, su mayar masa da rubutu ya yi ja da biro har sau biyar. Irin wannan malami sunansa a kan maƙala haƙƙinsa ne, hana shi ma zalunci ne. Na kuma san matsin da ke sa mutumin kirki ya miƙa hannu: albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ɗakin gwajin da babu wuta, aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ga kwamitin ƙarin girma da sau da yawa ya fi damuwa da yawan maƙalu a kan abin da ke cikinsu. Kwamitin da ke ƙidaya ba ya karantawa yana da kaso a wannan laifi, kuma ranar da zai fara kiran mai neman ƙarin girma ya ce masa zaɓi uku cikin maƙalunka ka bayyana mana abin da ka yi a kowace, rabin wannan ciniki zai mutu.

Amma matsi uzuri ne ga ƙarami, ba ga babba ba. Ƙarami ba ya iya cewa a'a. In ya ƙi sa sunan shugaba, ya san abin da zai biyo baya, ko da kuwa ba a furta ba. Babba ne kaɗai ke iya yanke igiyar, kuma da jimla guda: cire sunana, ban yi aikin nan ba, in ka ga dama ka sa ni a godiya. Ko kuwa, in yana son sunan, ya ce kawo bayananka in gani, zauna mu bi su tare. Da Chamberlain ya faɗi ɗaya daga cikin biyun nan, da ko dai ya tsira shi kaɗai, ko ya tsirar da mujallarsa da asibitinsa da matan da aka ɗora wa burin banza.

Kara hali ne mai kyau, kuma al'ummar da ta rasa ta ta yi asara. Wurinta shi ne cikin abin da mutum ya mallaka: kuɗinsa, lokacinsa, haƙƙinsa da ya ga dama ya yafe. Shaida kuwa ba mallakar mai bayar da ita ba ce, amanar waɗanda za su dogara da ita ce, don haka ba a yin kara da ita. Wannan ba sabon darasi ba ne a wurinmu. Malaman hadisi tun ƙarnonin farko sun ɗauki mai ruwayar da ke nuna kamar ya ji abin da bai ji ba a matsayin mai aibi, suna taka-tsantsan da ruwayarsa komai yawan ibadarsa. Kowane ɗan makarantar allo kuma ya ji cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Canza wa takarda suna daga shaida zuwa maƙala ba ya sauya hukuncin abin da ke cikinta, musamman in a kanta ne wani likita zai rubuta magani, ko wani injiniya ya auna ƙarfin gada, ko gwamnati ta tsara abin da za a koya wa yara.

Akwai kuma gadon da ake bar wa na baya. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya karɓi suna a kan abin da bai karanta ba ya koyi darasin da ya fi duk wanda aka ba shi a aji tasiri. Ranar da ya hau kujera zai jira nasa ɗaliban su biya shi abin da ya biya. Wanda kuwa ya ji malaminsa ya ce cire sunana, ba zai manta ba har ya tsufa, kuma da wuya ya iya kallon idon ɗalibarsa ya ci guminta.

Wanda ya karanta labarin nan ya ji kamar da shi ake, kada ya yi fushi da mai ba da labari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ɗauko jerin maƙalunsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: in an kira ni gobe a kan wannan, zan iya tsayawa in faɗi abin da na yi a cikinta? Wadda ya tarar an danne haƙƙin wani a cikinta, ya rubuta wa editan mujalla a buga gyara, ya nemi yafiyar mai haƙƙi tun suna raye su biyun. Wadda kuma za a shigo masa da ita gobe da safe, ana rusunawa ana cewa ranka ya daɗe na sa sunanka, wannan har yanzu tana hannunsa, kuma babu wanda zai amsa masa tambayarta sai shi.